Yadda Ake Kai Mai Buƙata ta Musamman Wurin Wasan Lilo a Abuja

Duk wanda ya taɓa zuwa ɗaya daga cikin wuraren wasan yara na Abuja washegarin Sallah ya san yadda bakin ƙofa yake kasancewa da zarar an idar da La'asar. Motoci sun cika gefen titi, masu sayar da balan-balan da gugguru sun tare hanya, layin tikiti kuma ya miƙe har ya lanƙwasa ta bayan katanga. A cikin wannan turmutsutsu, iyalin da suka zo da yaro a keken guragu, ko makaho, ko mai galahanga (autism) wanda hayaniya take firgitawa, su ne suka fi kowa jin jiki, kuma galibi su ne suke fara juyawa gida. Na shafe shekaru ina kai ɗan yayata irin waɗannan wurare, wanda shan inna ta taɓa masa ƙafafu biyu tun yana goye, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne tsarin da muka tsaya a kansa bayan mun yi kurakurai masu yawa.

Ana fara wannan tafiya ne da zaɓen wuri, domin wuraren shaƙatawa na Abuja ba iri ɗaya ba ne. Magicland, wanda mutane da yawa har yanzu suke kira da tsohon sunansa na Wonderland, yana kusa da Ƙofar Birni da Babban Filin Wasa na Moshood Abiola, kuma wuri ne na lilo masu aiki da inji. Akwai kuma wurin wasa na Maitama, da gidan namun daji da wasan yara na ƙasa da ke Asokoro. Millennium Park, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamba na 2003, fili ne na ciyawa da bishiyoyi da shimfiɗaɗɗiyar hanya, saboda haka ya fi dacewa da fitar farko ga yaron da bai saba shiga taro ba. A can za ka gane tsawon lokacin da yake iya jurewa a waje, da irin abin da yake tayar masa da hankali, kafin ka kashe kuɗin tikiti a wurin da ƙarar inji da ta kiɗa ba sa tsayawa.

Idan ka tsayar da wuri, ka je kai kaɗai a ranar aiki, kamar Talata ko Laraba, kwanaki kafin ranar fitar. Wannan zuwan na leƙen asiri shi ne rabin aikin, kuma kiran waya ba ya maye gurbinsa, domin duk wanda ya ɗauki waya zai ce maka babu matsala, alhali bai taɓa tura keke a wurin ba. Kafin ka fita daga gida, ka auna faɗin keken daga bayan taya zuwa bayan taya, ka yanki igiya daidai wannan tsawo ka saka a aljihu. Da ita za ka gwada ƙofar shiga, da ƙarafan da ake kafawa domin tsara layi, da ƙofar banɗaki. Ƙa'idar da masu gini suke bi a ƙasashe da dama ita ce ƙofa ta kai kusan santimita 80 a buɗe, gangaren da keke zai hau kuma ya kasance duk tsayin santimita 1 yana da tsawon santimita 12. Ma'ana, matakala guda mai tsayin santimita 15 tana buƙatar gangare mai tsawon santimita 180. Idan ka ga an liƙa ɗan siminti mai tsawon taku ɗaya a gaban matakala uku, ka sani ɗaga keken za a yi, kuma sai ka zo da wanda zai kama maka.

Ka dubi ƙasa sosai. Intalok da siminti suna da daɗin turi, ciyawa tana tafiya idan ta bushe, amma tsakuwa da yashi suna kama ƙananan tayoyin gaba nan take, har keken ya nemi tuntsurewa da mai shi. Ka lura da kwatocin da murfinsu ya fashe ko aka ɗauke, domin su ne haɗarin makaho da mai sanda. Sannan ka shiga banɗakin da kanka ka ga ko na zama ne ko na tsuguno, ko akwai ruwa, ko keke zai iya juyawa a ciki a rufe ƙofa. Na sha ganin fitar da aka shirya ta awa huɗu ta ƙare cikin awa ɗaya saboda banɗaki kawai, kuma abu ne da yaro mai kunya ba zai faɗa ba sai ya matsu. Haka nan ka duba wurin alwala da na sallah, da inuwar da za a iya zama a huta.

Kafin ka bar wurin, ka nemi ganin manaja ko wanda yake riƙe da wurin a ranar. Mai gadi da mai yanka tikiti ba su da ikon canza komai, kuma idan ka matsa musu a gaban jama'a ka saka su a tsaka mai wuya ne kawai. Ka gaisa da manajan cikin mutunci, ka gaya masa ranar da za ku zo, da yawanku, da irin lalurar, sannan ka tambaye shi abubuwa a fili: ta wace ƙofa keke zai shiga, ko za a bar mota ta matso kusa ta sauke ku, yaya za a yi da layi, waɗanne lilo ne aka yarda ya hau, kuma ko mai rakiyar da ba zai hau komai ba sai ya biya cikakken kuɗi. Ka karɓi sunansa da lambarsa, ka tuna masa da saƙo ana gobe za ku zo.

Batun lokaci ba ya buƙatar dogon bayani. Ranar Sallah da washegarinta, da ranar Kirsimeti da ta sabuwar shekara, su ne ranakun da suka fi cika, saboda haka a bari sai kwana na uku ko na huɗu, kuma a isa lokacin da ake buɗe ƙofa. A watannin Maris da Afrilu zafin Abuja yana sa ƙarfen lilo da kujerar roba su yi zafin da za su ƙona fata, kuma wanda ba ya jin taɓi a ƙafafunsa saboda lalurar laka ba zai san ya ƙone ba sai an koma gida, don haka ka ɗora tafin hannunka a kan kujera kafin a zaunar da shi. Zabiya yana buƙatar hula mai faɗi da riga mai dogon hannu da man kariya daga rana. Mai sikila kuwa ƙishirwa da sanyi duk abokan gabarsa ne, saboda haka a riƙa ba shi ruwa a kai a kai, a kuma nisanta shi da wasan da ake jiƙewa, musamman da hunturu. Da damina hadari ya fi tasowa da yamma, wanda wannan ma wani dalili ne na sammako.

Yanzu sai maganar layi, wadda ita ce ta fi jawo rigima. Mutane da yawa suna ɗauka cewa shigar da mai buƙata ta musamman gaba alfarma ce da ma'aikaci yake yi idan ya ga dama, alhali doka ce ta ƙasa. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairu na 2019, ta tanadi cewa a duk inda ake bin layi a fara ba su kulawa, kuma gwargwadon iko a biya musu buƙata ba tare da sun shiga layin ba. Dokar ta ce a ware musu wurin ajiye mota a wuraren ajiye motoci na jama'a, ta kuma ba gine-ginen da jama'a suke shiga wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyinsu, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Wanda aka samu da laifin nuna wariya, idan mutum ne zai biya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, idan kamfani ne kuma naira miliyan 1. Yana da kyau ka buga shafin da ya yi maganar layi a takarda ka ninke a aljihu, ko ka ajiye hotonsa a waya.

Sai dai sanin doka daban, sanin inda za a fito da ita daban, kuma wannan darasi da tsada na saye shi. Wata Babbar Sallah, a wani wurin wasa da ba zan ambaci sunansa ba, na tura keken har bakin wani lilo, na roƙi matashin da ke karɓar tikiti ya bar mu mu wuce. Ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Alhaji, kowa da uzurinsa ya zo, a bi layi." Raina ya ɓaci, na ɗaga murya ina karanta masa doka, mutanen layi suka rabu biyu, wata dattijuwa tana cewa, "Haba ɗan nan, ba ka ganin halin da yaron yake ciki?" wani magidanci kuma yana cewa shi ma tun ɗazu yake tsaye da 'ya'ya huɗu. Ina cikin wannan sai na ji an ja gefen rigata. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Kawu, don Allah mu tafi gida." An ba mu hanya daga ƙarshe, amma ya ƙi hawa, domin idanun mutum hamsin suna kan ƙafafunsa. Tun daga ranar nake kammala maganar layi a ofis, kafin mu isa bakin kowane lilo, kuma nakan roƙi manaja ya haɗa mu da ma'aikaci guda da zai yi mana gaba, ko ya rubuta mana 'yar takarda da sa hannunsa.

Akwai wata hanya da nake ganin ta fi kowace kwantar da hankalin jama'a, kuma daga manyan wuraren wasa na Amurka aka san ta. A shekarar 2013 kamfanin Disney ya soke katin da yake ba baƙi masu lalura damar shiga kusan kai tsaye, bayan an bankaɗo cewa wasu masu kuɗi suna hayar nakasassu su raka su domin su tsallake layi. Sai ya kawo tsarin da ake ba mutum lokacin dawowa daidai da tsawon layin, ya je ya jira a inda ya fi masa sauƙi, idan lokacin ya yi ya zo ya hau. A 2024 kamfanin ya ƙara tsaurara tsarin, ya taƙaita shi galibi ga masu lalura irin ta galahanga, abin da ya fusata masu wasu lalurorin da yawa da suka ga an bar su a baya. Masoya waɗannan wurare har yau ba su daina jayayya a kan lamarin ba, wasu suna ganin an zalunci marasa laifi, wasu suna ganin 'yan damfara ne suka jawo. A nan Abuja ba ka buƙatar wata manhaja kafin ka yi amfani da dabarar. Mutum ɗaya daga cikinku ya tsaya a layi, mai lalurar ya jira a inuwa, idan an zo kanku ya matso ta ƙofar fita, wadda galibi ta fi faɗi kuma ba ta da ƙarafan lanƙwasa. Babu wanda zai ce an ci masa haƙƙi. Idan kuma an ba ku damar wucewa kai tsaye, a ra'ayina mutum ɗaya ko biyu sun isa rakiya. Iyalin da suka fake da keke ɗaya suka shigar da mutum goma sha biyu su ne suke sa ma'aikaci ya ɗaure fuska ga mai keken da zai zo bayansu.

Wanda lalurarsa ba ta bayyana a ido, kamar mai sikila ko farfaɗiya ko ciwon zuciya, ya riƙe takardar asibiti ko katin shaida, a nuna wa manaja shi kaɗai. Ba dole ba ne duk wanda ke layi ya san cutar ɗanka.

Duk dagewar da na ce a yi a kan layi, a bakin lilon kansa sai a sauke ta, domin a nan ƙarfe da nauyi da gudu ne suke hukunci. Kowane lilo an ƙera abin riƙe mutum a cikinsa bisa wani zato game da jikin mai hawa. Ƙarfen da ke sauka a kan cinya yana aiki ne idan akwai cinya mai kauri da gwiwa a lanƙwashe da ƙafar da za ta dafe ƙasa, wanda ke saukowa ta kafaɗu kuma yana buƙatar mutum ya iya riƙe wuyansa da bayansa a miƙe. A watan Yulin 2011, a wurin wasa na Darien Lake da ke jihar New York, wani tsohon sojan Amurka da ya rasa ƙafafunsa biyu a yaƙin Iraƙi ya faɗo daga jirgin dogo mai hawa da gangara ya rasu, bayan ma'aikata sun bar shi ya hau duk da cewa ƙa'idar lilon ta ce sai mai ƙafa biyu. Saboda haka idan ma'aikaci ya ce wannan bai dace da shi ba, ka tambayi dalili, amma kada ka nemi a yi maka alfarma. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne ma'aikacin da tausayi zai sa ya ce, "Ba komai, a ɗora shi."

Ka tsaya ka kalli lilon ya yi zagaye uku kafin ka yanke shawara, kuma ka kalla tare da mai lalurar idan yana da wayon da zai fahimta. Akwai wani lilo mai siffar kwalekwale da ke kaiwa gaba ya dawo baya, wanda ɗan yayata ya ƙwallafa rai a kansa wata shekara. Da muka matsa kusa sai muka ga ƙarfe ɗaya ne yake rufe duk mutanen da ke jere guda, kuma yana tsayawa ne a kan cinyar wanda ya fi kowa ƙiba. Na nuna masa wani siririn yaro da ke zaune kusa da wani ƙaton mutum, da tazarar kusan kamu ɗaya tsakanin cinyarsa da ƙarfen, yana tokare ƙafa a duk lokacin da kwalekwalen ya yi sama. Ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce, "Kawu, ni da me zan tokare?" Shi da kansa ya zaɓi motocin karo da ƙaramin jirgin ƙasa, kuma da ni na hana shi ba tare da ya gani ba, da har gida ba zai yi mini magana ba.

Tambayar da kusan kowa yake mantawa ita ce yadda za a sauko da shi idan an ɗauke wuta. A garin da ake sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta, tsayawar lilo a tsakiyar tafiya abu ne da ya kamata a saka a lissafi. Idan babban lilon nan ne mai kama da tayar keke, ka tambayi mai kula da shi yadda suke juyo da shi ƙasa idan inji ya mutu. Idan hanyar ceto tsani ce ko matakala mai tsawo, to wanda ba ya tafiya da ƙafarsa bai kamata ya hau ba sai an tabbatar akwai wata dabara.

Wajen ɗauka daga keke zuwa kujera, a matso da keken dab da lilon, a danne birki, a janye matakin ƙafa, sannan a tambayi mai jikin yadda yake so a kama shi, domin ya fi kowa sanin inda yake masa ciwo. Mutum biyu sun fi ɗaya, guda ta bayan ƙirji guda ta ƙarƙashin gwiwoyi, kuma kada a ja shi ta hannu ko ta hammata. Budurwa ko matar aure mata ne za su ɗauke ta, saboda haka a tsara masu rakiya tun daga gida. A roƙi mai injin kada ya tayar sai ka ɗaga masa hannu, a kuma bar wani ya tsare keken a bakin ƙofar fita, domin yara suna mayar da keken da babu kowa a kai abin wasa cikin minti ɗaya.

Sabon lilo yana da nasa jan hankali, kuma masu son waɗannan wurare sukan yi rububin zama na farko da za su hau su ɗauki hoto. Shawarata ga iyalin mai buƙata ta musamman ita ce su bari a yi makonni. A farkon buɗewa layi ya fi tsawo, inji ya fi yawan tsayawa, ma'aikata kuma ba su gama sanin wanda ya dace da wanda bai dace ba. Kasancewar abu sabo ba ya tabbatar da amincinsa. A watan Maris na 2022, a birnin Orlando na Amurka, wani yaro ɗan shekara 14 ya zame daga kujerar wani dogon lilo mai sakin mutane daga sama ya rasu, watanni kaɗan bayan buɗe shi, kuma bincike ya nuna nauyinsa ya wuce iyakar da masu ƙera lilon suka gindaya, sannan an taɓa na'urar kujerar da hannu har ta yarda a tashi alhali abin riƙewar bai rufe yadda ya kamata ba. Don haka ka nemi allon da ke nuna iyakar tsayi da nauyi da cututtukan da aka hana, idan babu allo ka tambayi manaja abin da littafin kamfanin da ya ƙera ya ce.

Ga kurma, ku yi yarjejeniya a kan alamar hannu guda da ke nufin a tsaya, ku nuna wa mai injin ita kafin a fara. Makaho a bar shi ya shafa kujera da ƙarfen da hannunsa, a kuma gaya masa abin da zai faru bi da bi, cewa za a yi sama a hankali, sannan a juya hagu, sannan a gangara. Mai farfaɗiya ya nisanci ɗakunan wasannin kwamfuta da fitilu masu walƙiya idan an san haske yana tayar masa da ita, maganinsa kuma ya kasance a jakar da ke jikin mai rakiya, kada a bar shi a mota. Yaro mai galahanga a nuna masa hotunan wurin tun a gida, a zo masa da abin toshe kunne da abincin da ya saba, a saka masa takarda mai lambar waya a aljihu, kuma a fita da shi tun alamar gajiya ta fara bayyana, ko da saura tikitin da ba a yi amfani da shi ba.

Idan an hana ku shiga, ko an wulaƙanta ku, ko kun tarar babu hanyar keke sam, ka ɗauki hoton matakalar ko ƙofar, ka rubuta rana da lokaci, ka ajiye tikitin. Ka fara rubuta wa masu wurin takarda, ka ba su lokaci su amsa. Idan sun yi biris, Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020 bisa waccan doka, hedikwatarta tana nan Abuja, kuma karɓar irin wannan koke yana cikin aikinta. Takardar ta zama gajera, ta faɗi abin da ya faru ba tare da zagi ba, ta kuma nemi abu takamaimai da za a iya aunawa, kamar gangare mai tsawon santimita 180 a ƙofar shiga, ko faɗaɗa ƙofar banɗaki guda. Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan ka tafi da shi gida.